Zagayen Lambu da Wuraren Tarihi: Katsina Zuwa Daura a Yini Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 36 ne, mata 'yan adashe a Katsina. Muna ganin hotunan tsofaffin lambunan furanni na sarakunan ƙasashen waje, sai muka yi sha'awar fita irin wannan yawon buɗe ido, mu haɗa da Daura. Ta ina za mu fara?
Sakatariyar ƙungiya, Ƙofar Ƙaura

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Irin lambun da kuke gani, kamar Shalimar na Lahore, a ƙasar Pakistan, da Sarki Shah Jahan ya sa aka gina a 1641, mai magudanan ruwa da gine-ginen shan iska, babu shi a nan. Namu lambun na cefane ne. A Lambun Sarki da ke Katsina latas da kabeji da albasa za ku tarar, kuma kyansa sai wanda ya yi sammako lokacin ban ruwa.

Saboda haka ku ɗauki Disamba ko Janairu, ganye ya yi shar, rana ba ta da ƙarfi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, dattawan cikinku za su galabaita tun kafin azahar. Juma'a kuma ba ranar wannan tafiya ba ce.

Ku shiga lambu da ƙarfe 7, bayan an nemi izinin masu shi. Ku kasu goma-goma, a riƙa bin gefen fangali. Jiƙaƙƙiyar ƙasa in aka tattake ta sai ta danƙare, saiwa ta kasa numfashi, a nan ne yawanci ake ɓatawa da manomi. Kada a tsinki komai. Mai so ta saya, amma ta bar kayan a wurinsu sai an dawo, don latas ba ya jure yini a cikin mota.

Daga nan sai Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Matattakalarta ƙunci gare ta, a hau kaɗan-kaɗan, mai ciwon gwiwa ta yi kallonta daga ƙasa. Gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, awa guda ta ishe ku.

Daura kusan kilomita 80 ce. In kun tashi ƙarfe 11, a can za ku yi azahar, ku ci abinci, sannan ku nufi rijiyar Kusugu. Idan har kuna son shiga fada, ku aika wa majalisar masarauta takarda mako biyu kafin ranar, da adadinku da lokacin isowa. Wanda ya faɗo ba sanarwa, a ƙofa yakan tsaya.

Mota: bas biyu masu cin mutum 18 sun yi muku cif, ba wurin kuloli, gara a ƙara ƙaramar mota ɗaya. A yi ciniki na yini, a fayyace wa zai sayi mai, a biya rabi sauran sai an dawo. Ruwa leda huɗu kowace mace, wato jaka takwas. Ku yi dambu ko wainar shinkafa, ban da kwaɗon da aka haɗa tun asuba, yakan yi tsami. Kowace mota ta samu mai riƙe da sunaye, ta kira su duk inda aka tsaya. Ku bar Daura da an idar da la'asar, magariba ta same ku a gida.