Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Za a Karanta Littafin Faulkner Kan Gidan Compson

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi littafin The Sound and the Fury na William Faulkner saboda yabon da ake yi masa, amma na kasa wuce kashi na farko, domin ban gane wanda ke magana ba, balle lokacin da abubuwan suke faruwa. Shin in tsallake kashin ne, ko akwai dabarar karanta shi? Daga wata ɗalibar adabi.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Kada ki tsallake, domin a wannan kashi ne aka shuka duk abin da sauran ukun za su girbe.

Littafin ya fito a 1929, yana ba da labarin zuriyar Compson ta garin Jefferson, wanda marubucin ya ƙago a jihar Mississippi da ke kudancin Amurka. Gida ne da ya taɓa fitar da gwamna da janar, sannan arziki da martaba suka zube. Mai magana a kashin farko shi ne Benjy, wanda ya cika shekara 33 ranar 7 ga Afrilu, 1928, mai naƙasar ƙwaƙwalwa da ba ya rarrabe jiya da yau. Da ƙusar shinge ta kama tufarsa, sai tunaninsa ya koma ranar da hakan ya faru yana tare da yayarsa Caddy, shekaru da dama a baya.

Dabarar ita ce ki lura da wanda ke kula da shi. Idan Versh ne, Benjy yana ƙaramin yaro, idan T.P. ne, ya fara tasawa. Idan kuwa Luster ne, jikan Dilsey mai aikin gidan, to an dawo 1928. Karkataccen rubutu ma yakan nuna an sauya lokaci. Faulkner da kansa ya so a buga kashin da tawada kala-kala, abin da bai samu ba sai a 2012, lokacin da kamfanin Folio Society ya fitar da irin wannan bugu. Ki kuma sani cewa Quentin biyu ne, wan Caddy da kuma 'yarta, kuma wannan ya rikita masu karatu da yawa.

A ganina, wahalar tana da riba, domin ba a gaya wa mai karatu cewa gidan ya lalace ba, an bar shi ya gani da idonsa. Makiyayar da Benjy ke ƙauna an sayar da ita don a biya wa Quentin kuɗin karatu a jami'ar Harvard, ta zama filin wasan golf, shi kuwa Quentin ya kashe kansa ranar 2 ga Yuni, 1910. Uban ya ƙare a shan giya, uwar ta kwanta tana kukan kanta, Jason ƙanin Caddy kuma yana sace kuɗin da Caddy ke aiko wa 'yarta. Caddy, wadda 'yan'uwanta uku ba su da zance sai nata, ba a ba ta kashi ko ɗaya ta faɗi nata ba.

Kashi na biyu, inda Quentin wan Caddy ke magana, shi ma yana da nauyi, amma na Jason da na ƙarshe, inda Dilsey ta fi fitowa, suna tafiya a miƙe. Idan kin gama su, ki koma kan na Benjy. Ƙarin bayanin da Faulkner ya rubuta a 1945 kan tarihin zuriyar kuwa, wanda wasu bugu ke ɗauke da shi, ki bar shi sai a ƙarshe, domin yana tona makomar kowa.