Shin zukatan masu saye a sarƙe suke kamar ƙwayoyin haske?

Tambaya: Malam, ina sayar da abaya da turare a Makka. Sai abaya ta yi wata guda a rataye ba mai tayawa, amma ranar da hajiya ɗaya ta ɗauka, duk abokan tafiyarta sai su ce ita suke so. Ɗana da ke karatu a Jidda ya ce wai sarƙewar kwantum ke nan, zukata a haɗe suke. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, a matsayin misali ɗanki ya yi ƙoƙari, amma kada ya mai da shi hujja.

Sarƙewa gaskiya ce a kimiyyar kwantum, wato ilimin da ke nazarin ƙwayoyi mafi ƙanƙanta irin na haske. Einstein da abokan aikinsa biyu, Podolsky da Rosen, suka ta da maganar a 1935. John Bell ya kawo hanyar gwada ta a 1964, kuma a 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel kan gwaje-gwajen da suka tabbatar da ita. Ƙwayoyin haske biyu da suka fito tare, ko an raba su da nisa, in aka auna su sai sakamakonsu ya dace fiye da yadda tsohon lissafi ya yarda. Inda ɗanki ya dace shi ne, a lissafin kwantum ba a iya bayyana halin ƙwaya ɗaya da ta sarƙe ba tare da 'yar'uwarta ba. Sha'awar ɗan Adam ma da wuya ta tsaya ita kaɗai.

Sai dai ba a aika saƙo ta sarƙewa, ko na harafi ɗaya. Wanda ya auna tasa ƙwayar bai canza komai da na can zai iya gani ba, sai sun haɗa takardunsu dacewar ke fitowa. Abin da ke faruwa a shagonki kuwa saƙo ne tsantsa, ta ido ya bi.

Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne René Girard, masanin adabi da halayyar ɗan Adam, Bafaranshen da ya rasu a 2015. Tun 1961 yake cewa so ƙafa uku gare shi kamar murhu: mai so, abin da ake so, da wanda aka gani yana so. Haƙorin Makka ba ya ƙara taunar tuwo, amma wane da wance sun sa, ya zama shaidar an sauke farali. Abin da ya fi damuna a bayaninsa shi ne kusanci. Wadda ta yi miki nisa koyi kawai za ki yi da ita. In kishiya ce ko maƙwabciya, hannu biyu ne kan abu ɗaya, daga nan hassada ke tsirowa.

Ki gwada da kanki. Hajiya ta gaba da ta saya, ki naɗe mata a leda kafin sauran su shigo, ki ga ko za su tambayi irinta.