An ce jininta lafiya lau, amma haɓon ya ƙi tsayawa

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 9. Tun tana ƙarama take haɓo, wani lokaci sai ya kai rabin awa bai tsaya ba. Dasashinta na jini, ga tabon kwanciyar jini a ƙafafunta alhali ba ta faɗi ba. Sau biyu ana ƙirga ƙwayoyin jininta, aka ce filatilet ɗinta (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini) 260,000 ne, babu komai. Ni da mahaifinta 'ya'yan wa da ƙani ne. Fara al'adarta nake tsoro. Sai mun yi gwajin ƙwayoyin gado ne?

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma takardar nan ba ta wanke yarinyar ba. Na'urar ƙirga jini adadi kawai take bayarwa. Daga 150,000 zuwa 450,000 ta ce daidai ne, amma ba ta san ko filatilet ɗin na aiki ba. A cutar Glanzmann, wadda wani likitan yara ɗan Siwizalan ya bayyana a 1918, adadinsu cif yake, girmansu ma daidai, sai dai ba sa iya manne wa juna su toshe rauni. Gwaje-gwajen daskarewar jini na PT da APTT su ma lafiya suke fitowa, domin wani ɓangaren daskarewar jini suke aunawa.

Wannan kuskuren ne ke ɓata mini rai. A duba lamba ɗaya, a sallami yaro, a ce zafin rana ne. Daga nan masu sayar da maganin “ƙarin jini” su karɓe shi, wani ma ya ba shi asfirin ko ibufurofen don ciwon kai, magungunan da ke ƙara kashe aikin filatilet. Sai ranar cire haƙori ko hailar farko gaskiya ta fito, jini na zuba ana rasa dalili. Akwai kuma kishiyar kuskuren: a cutar Bernard-Soulier, filatilet manya ne ƙwarai har na'ura ba ta ƙirga wasunsu, sai a ɗauka ITP ce, wato cutar da garkuwar jiki ke lalata filatilet, a yi ta ba yaro sitiroyid, wani har a cire masa saifa a banza. Da an shafa ɗigon jini a gilashi an leƙa a madubin likita, da an ga girmansu.

Ki nemi likitan jini. Zai fara da tarihin zubar jini a dangi, ya duba jinin a madubi, ya auna sinadarin ƙarfe tunda haɓo na cinye shi, ya kuma tabbatar ba cutar von Willebrand ba ce, wata cutar zubar jini ta gado, don ta fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Sannan a yi gwajin haɗuwar filatilet: a zuba musu sinadaran da ke sa su haɗu, wato ADP, kolajin, adiranalin da ristosetin, a ga wanne suka amsa. Masu Glanzmann ristosetin kaɗai suke amsawa, masu Bernard-Soulier kuwa shi ne ba sa amsawa. Gwajin yana buƙatar taka-tsantsan. Kada ta sha asfirin kwana 10 kafin ranar, a ɗibi jinin a kwalba mai shuɗin murfi, kada a sa shi a firij, a kuma auna shi cikin awa 4. In aka saɓa, sakamakon ƙarya zai fito. Ko ya nuna matsala, a maimaita kafin a yanke hukunci.

Gwajin gado a ƙarshe yake zuwa. Shi ke nuna inda illar take, misali ƙwayar gado ta ITGA2B ko ITGB3 a Glanzmann, ya kuma ba da damar auna ƙannenta. Idan ke da mahaifinta duk kuna ɗauke da illar, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 na haifar mai cutar. Amma in bai gano komai ba, ba a rufe magana, don ba a san duk ƙwayoyin da ke jawo waɗannan cututtuka ba. Kuma gwajin AA da AS na sikila ne, ba ruwansa da filatilet.

Kafin sakamako ya fito, kada a yi mata allura a tsoka, kada a cire mata haƙori sai da sanin likitan jini. In haɓo ya zo, ta sunkuyar da kai gaba, ki matse taushin hancin minti 10 ba sakewa. In ya wuce minti 20, asibiti. Ki kuma tambayi likitan maganin taranezamik, mai rage zubar jini, tun yanzu, ya kasance a hannunki kafin al'adar ta zo.