Ruwan haidurojin lokacin kemo: abin da za a duba kafin a ba marar lafiya

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kin tambaya ko ruwan haidurojin da ake ta tallatawa, wato ruwan sha da aka narkar da iskar haidurojin a cikinsa, zai taimaka mata yanzu da ake yi mata kemo na sankarar hanji.

Ba ya kashe sankara, kada a ɗage ko allura ɗaya saboda shi. Abin da ake sa rai kawai shi ne ya rage wa lafiyayyun sassan jiki azabar maganin. Maganar ta taso daga Japan a 2007. A 2009 aka gwada a kan ɓeraye da ake ba cisplatin, wani maganin kemo: ƙodarsu ta samu sauƙi, kuma ƙarfin maganin a kan ƙarin bai ragu ba. A 2017 a China, masu sankarar hanji da ke karɓar mFOLFOX6 (wani haɗin magungunan kemo) suna shan ruwan, hantarsu ba ta jigata kamar ta sauran ba. Gwaje-gwaje ne ƙanana, ba su kai hujjar da likita zai rubuta shi ba.

Lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe fiye da miligiram 1.6 na iskar sai an matse ta, kuma tana sulalewa ta jikin roba. Shi ya sa ake zuba shi a jakar alminiyam, a shanye da zarar an buɗe.

Damuwata ta fi yawa a kan ƙwayoyin da ake jefawa cikin ruwa su fitar da iskar, domin sinadarin maganiziyam ne a cikinsu. Idan ƙoda ta yi rauni yakan taru a jini. Yana sa gudawa, ga shi 5-FU, maganin kemo da ke cikin haɗin mFOLFOX6, ita ma tana sa wa. Maganiziyam yana kuma kama ciprofloxacin da levofloxacin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a cikin hanji ya hana su shiga jini, dole a raba su da sa'o'i. Kwalbar haɗa ruwan mai aiki da lantarki kuwa, mai arhar tana iya fitar da kulorin daga ruwan famfo. Tsabtarta ma ba wasa ba ce, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan allura, lokacin da garkuwar jiki ke faɗuwa. Zazzaɓi ya kai 38, asibiti nan take.

Ki kai kwalin ga likitan da ke yi mata kemo tare da sakamakon gwajin ƙodarta na baya-bayan nan, kada ta fara sha sai ya karanta abin da ke ciki.