Barcinka a jirgin ruwan shaƙatawa tun wajen zaɓen ɗaki kake sayensa

Da sanyi ya fara shigowa, manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa kan koma Tekun Fasha, su yi ta zagaye tsakanin Dubai, Abu Dhabi, Doha da Maskat tun daga Nuwamba har wajen Maris. A irin wannan lokaci ne tambayoyi ke yi mini yawa. Na ware waɗanda suka shafi barci da tsarin yini, domin a nan mutanenmu suka fi yin kuskure, kuma kuskure ne da ba ya gyaruwa da zarar jirgi ya bar tasha.

Wata Hajiya daga Kano ta rubuto: "Ni da maigida za mu yi kwana 7 a jirgi daga Dubai. Wakilin tafiye-tafiye ya kawo mana farashi uku: ɗaki mara taga, mai taga, da mai baranda. Maigida ko motsin ɓera ya ji ya farka, ni kuma ina da saurin jiri a mota. Wanne za mu biya?"

Hajiya, wakilin naku ya nuna muku farashi, amma bai nuna muku abin da ya fi farashin muhimmanci ba. Ki koma ki ce ya buɗe miki taswirar jirgin, hawa-hawa, ya nuna miki lambar ɗakin da zai ba ku. Irin ɗakin daban, inda yake zaune a cikin jirgi daban, kuma na biyun ne ke yanke hukuncin ko Alhaji zai runtsa.

Bari in fara da jirinki. Kin san bambancin kujerar baya da ta tsakiya a doguwar mota idan an shiga hanya mai gargada. Haka jirgin ruwa yake. Goshinsa da bayansa su ke hawa da sauka idan igiyar ruwa ta taso, tsakiya kuwa da ƙyar take motsi. Sannan duk yadda kika yi sama a bene, tangaɗin ƙaruwa yake yi. Abin dariyar shi ne ɗakunan da suka fi tsada galibi a can sama suke, wasu ma a goshin jirgi. Ke dai nemi tsakiya, a hawan ƙasa-ƙasa ko na tsaka-tsaki. Tekun Fasha ba ta cika hauka ba idan aka kwatanta da Atilantika, amma takan yi iska lokacin sanyi.

Shi kuma Alhaji, dokarsa ɗaya ce: ɗakinku ya kasance akwai ɗakunan kwana a samansa, akwai ɗakunan kwana a ƙarƙashinsa. Ki sa yatsa a kan lambar ɗakin, ki duba taswirar hawan sama da na ƙasa. Idan kika ga wurin ninkaya, ko babban ɗakin cin abinci, ko kicin, ko zauren kiɗa, ko wurin motsa jiki, ki ce a sauya. Ni ganau ce. Tafiyata ta farko na yi ta murna an ba ni ɗaki mai baranda a hawan sama, ashe filin ninkaya ne a kaina. Kullum kafin gari ya waye sai ma'aikata su fara wanke dandamali suna jan kujeru, ƙiiii, ƙiiii, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Da dare kuma kiɗa har sha biyu ta gota. Kwana bakwai na yi ina kallon teku da jajayen idanu.

Ɗakunan can gaba na ƙasa su ma da nasu. Jirgi yakan shiga tasha da sassafe, kuma injinan da ke tura shi gefe ya jingina da gaɓa a goshi suke. Idan aka kunna su har kofin da ke kan tebur rawa yake yi. Inda babu wurin jingina, anka ake saki, wato ƙaton ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, ƙarar sarƙarta kuwa ta isa ta tashi unguwa. Na can baya kuma kusa suke da farfela. Ki guji ɗakin da ke da ƙofar tsakiya mai haɗa shi da na maƙwabta, in dai ba 'ya'yanku ne a ciki ba, don ta nan tari da hira da talabijin ke ratsowa.

Akwai wani tikiti mai rahusa da suke kira garanti: ki biya kuɗin irin ɗakin, kamfani ya zaɓa miki lamba daga baya. Ga matashin da ko a tashar mota zai yi minshari, ciniki ne mai kyau. Ga Alhaji, araha ba ta ado. Ɗakunan da kowa ya tsallake su ake rabawa a nan.

To tsakanin ukun fa? Mara taga ya fi kowanne daɗin barci, wannan ba gardama. Idan aka kashe fitila duhu ne ƙirin, ƙarfe uku na dare da sha biyun rana duk ɗaya. Illarsa ke nan kuma: jiki da hasken safiya yake gane lokaci, in babu shi sai ku wayi gari ƙarfe goma kuna zaton asuba ce. Sannan mai jiri tana samun sauƙi idan ta kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, abin da bango ba zai ba ki ba. Da ni ce ke, mai taga zan ɗauka a tsakiyar jirgi, in tabbatar kwalekwalen ceto bai tare tagar ba. Baranda daɗi ce, ba na musu, amma a tafiyar da kusan kullum kuna cikin gari, sau nawa za ki zauna a kanta? Kuma masu mafarkin barin ƙofar baranda a buɗe su yi barci da ƙarar ruwa su sani, a jirage da yawa buɗe ƙofar nan na kashe na'urar sanyaya ɗaki.

Wani Malam daga Kaduna ya tambaya: "Yaya mutum zai yi da asuba da alƙibla a jirgin da ke tafiya duk dare? Kuma an ce agogo na canzawa."

Malam, ka taɓo inda ya fi ba ni wahala. Mu fara da agogo. Dubai na gaban Najeriya da Nijar da awa 3, Doha da Jidda da awa 2. A watan Janairu alfijir a Dubai kan keto wajen biyar da rabi zuwa shida saura, wato lokacin jikinka na gaya maka ƙarfe uku saura ne na dare a Kaduna. Kwana biyun farko za ka sha fama. Shi ya sa nake cewa kowa ya isa garin da jirgi zai tashi aƙalla da kwana ɗaya. Wanda ya kwana a filin jirgin saman Addis Ababa ko Alƙahira, ya sauka da safe ya wuce tasha kai tsaye, ya shiga hutu da bashin barci. In kuma jirgin sama ya yi latti, na ruwa ba ya jiran kowa.

A cikin jirgi agogo ɗaya ake bi, agogon jirgi. Wani kyaftin yakan sauya shi ya dace da garin da aka shiga, wani ya bar shi yadda yake. Ana sanarwa a takardar shirin gobe da ake ajiye maka a ɗaki da yamma, ko a manhajar jirgin. Wayarka ba ta san da wannan ba. Da kun doshi Doha za ta iya ja da baya da awa guda da kanta, kai kana kasuwar Souq Waqif kana cinikin turare kana ganin da sauran lokaci. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da na jirgi, ka kashe sauyin lokaci na kai-tsaye a waya. Galibi ana son kowa ya dawo minti 30 kafin tashi. Masu tsallaka Atilantika a jirgin Queen Mary 2 daga Southampton ta Ingila zuwa New York su ne 'yan gata: a darare biyar cikin bakwai ana mayar da agogo baya, su sami yini mai awa 25. A dawowa sai su biya bashin.

Alƙibla kuma, ka cire "gabas" daga ranka. A Tekun Fasha Makka tana yamma da kai, ta ɗan karkata kudu. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin ɗaki, domin jirgin ƙarfe ne tun daga ƙasa har bango (har maganaɗisu na kamawa a jikin bangon, mutane na rataye huluna da shi). Abin da nake yi shi ne in kunna tashar talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa, in san ɗakina a dama yake ko hagu, in kintata daga nan. Idan jirgi na tasha abin ya zo da sauƙi, sai ka fita sarari ka duba. Lokutan salla ka sauke na kowane gari tun kana gida, don intanet ɗin jirgi na kuɗi ne, kuma in ka bar layinka a buɗe a tsakiyar teku kuɗin da za a caje ka sai ka riƙe baki. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka faɗa masa yawan kwanakin da yadda zangon yake.

Idan wannan ne babban abin da ya dame ka, ka duba Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024. Ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, kuma akwai wuraren salla.

Wata uwa daga Abuja: "An ce in zaɓi lokacin cin abincin dare, na farko ko na biyu. Muna da yara uku, babban shekararsa 9."

Na farko, 'yar'uwa, kuma ki zaɓa yau, don shi ke fara cika. Zama na farko kan kama wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi, na biyu takwas da rabi ko ma fiye a jiragen kamfanoni irin su MSC da Costa. Abincin zaure ba irin na gida ba ne da za a ajiye tire a tashi; kwano-kwano ake kawowa, a ɗauki awa ɗaya da rabi ko biyu. Ki lissafa: yaran da suka yini a rana suna zaune a tebur har goma da rabi, ƙaramin ya kifa kai kusa da miya, gobe kuma motar yawon gari na tashi ƙarfe takwas. Matsalar zaman farko ɗaya ce, yakan ci karo da magariba lokacin sanyi, sai ku yi salla ku shiga a ɗan makare ko ku faɗa wa mai kula da teburinku. Ranar da abin ya cakuɗe ku hau wurin ɗibi-da-kanka, babu mai tambayarku.

Shawarar da ba ki nema ba: kada ki sayi yawon gari a kowace tasha. Kamfani zai so ki cike duk ranakun, ke kuma kina ganin kin biya kuɗi dole ki ga komai. Zuwa rana ta huɗu kowa ya zama mafaɗaci. Ki bar tasha ɗaya ku zauna a jirgi. Ranar babu layi ko'ina, wurin wasan yara kamar naku ne. Ƙailula bayan azahar ta zama doka, amma kada ta kai la'asar, in ba haka ba dare ya lalace.

Ranaku biyu ba naki ba ne. Ranar shiga akwai atisayen ceto, wajibi ne a kan kowa har jarirai. Tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, saboda haka kada ki kwantar da yara sai an gama. Daren ƙarshe kuma akwatuna ake fitarwa bakin ƙofa kafin a kwanta, da safe wajen takwas a ce ku bar ɗaki. Ki ware wa kowa kayan da zai sa. An sha ganin mutum da rigar barci a layin fita.

Wani Alhaji daga Zinder, a taƙaice: "Ina kwana da injin taimaka wa numfashi saboda minshari. Zan iya shiga da shi? Maganin jiri kuma fa?"

Za ka iya, Alhaji. Ka sanar da kamfanin tun wajen biyan kuɗi, akwai fom na masu buƙata ta musamman. Ka riƙe injin a jakar hannu, kada ya bi manyan akwatuna, don su sai yamma suke isowa ɗaki. Soket a tsofaffin jirage yakan kasance can wajen madubi, nesa da gado, kuma in ka zo da doguwar wayar wuta taka ta gida, musamman mai kariyar hawan wuta, za a karɓe ta a ƙofa tare da dutsen guga. Su za ka roƙa su ba ka tasu, ka kuma tambaya ko suna bayar da tataccen ruwan da ake zuba wa injin ko sayarwa suke yi.

Magungunan jiri irin su Stugeron da Dramamine suna aiki, amma kafin jirin ya kama ake shan su, kuma suna sa barci da kasala. Wani ya sha da safe ya yini yana gyangyaɗi a kujera, hutun ya wuce shi. Ga mai matsalar numfashi cikin barci, duk abin da ke ƙara nauyin barci sai da izinin likita, balle a haɗa shi da maganin barci. Ka je da sunan maganin wurin likitanka kafin ka saya. Citta ka zuba a jaka, busasshiya ko alewarta, tana rage tashin zuciya ga mutane da yawa. In ka dawo Zinder ka ji gado na lilo da kai kwana ɗaya ko biyu, ba wani abu ba ne, jiki ne bai gama sauka daga jirgi ba. In ya wuce mako yana yi, ka koma wurin likita.