Tambaya da Amsa: Idan guguwa ta ɗauke wuta, me zai riƙe ran kifi da murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tampa, jihar Florida ta Amurka. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 280 na ruwan gishiri, da kifaye shida da murjani mai rai. Lokacin guguwar Milton, a Oktoban 2024, mun kwana uku babu wuta. Na haɗa fitilar akwatin da ɗan batirin da nake da shi don kada murjanin ya mutu, amma kafin gari ya waye kifaye huɗu sun tafi. Ina kuskurena?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Batirin ka kashe a inda ba a buƙatarsa. Murjani yana jure duhun kwana uku ko huɗu ba tare da wata illa ba. Abin da ya kashe kifayen shi ne ƙarewar iskar oksijin, kuma wannan aikin 'yan awoyi ne.

Oksijin yana shiga ruwa ta samansa ne, inda yake motsi. Da famfunan suka tsaya, sai saman ruwan ya kwanta, shigar iska ta yi ƙasa, alhali masu shaƙa suna nan: kifi, da murjani, da ƙwayoyin halittar da suka cika ramukan duwatsu da yashi. Ruwan teku kuwa tun asali iskar da yake riƙewa ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk ƙarin zafi yana ƙara rage ta. Wanda ya saba da kiwon tarwaɗa a gida kada ya yi kwatance da ita, domin tarwaɗa tana leƙowa ta shaƙi iskar sarari, kifin murjani kuwa ba shi da wannan baiwar. Idan ka ga sun taru a sama suna haki, lokaci ya kusa ƙurewa.

Ga lissafin. Batirin dalma mai bolt 12 da amp-awa 100, rabinsa kawai ya kamata a zuƙe idan ana son ya yi ƙarko, wato abin da zai kunna wat 600 na awa guda. Fitila mai wat 100 za ta lamushe shi cikin awa biyar zuwa shida. Hita mai wat 200 ko awa uku ba za ta kai ba. Ƙaramin famfon kaɗa ruwa mai wat 10 kuwa zai yi wajen awa 50, ko da an cire abin da inbata ke ci. Shi kaɗai za ka haɗa, ka ɗaga bakinsa sama har saman ruwan ya riƙa tumbatsa. Ka ƙara da injin hura iska guda biyu masu aiki da manyan batiran tocila, kowanne da dutsen kumfa a ƙarshen tiyonsa, ka saka su a kusurwoyi daban-daban. Akwai irin da ke kunna kansa da zarar wuta ta ɗauke, shi ya fi, don guguwa ba ta jira mutum ya farka. Idan komai ya ƙare, ɗebi ruwan akwatin da jug ka kwarara shi daga sama, sau da yawa, duk bayan minti 20 zuwa 30. Wahala ce, amma tana ceto.

Bayan iska sai zafi. A Florida sanyi ba shi ne abin tsoro ba a watannin guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, gida ya ɗumame, ruwan da ya kamata ya zauna tsakanin digiri 24 da 27 na ma'aunin Salshiyas ya doshi 30, a nan murjani ke tofar da 'yan tsirran da ke ciyar da shi, ya koɗe ya yi fari. Tun da aka yi shelar guguwa ka daskarar da gorunan ruwa, kada ka cika su maƙil don kada su fashe. Gorar lita 2 tana sauke zafin akwati irin naka da ɗan ƙasa da digiri ɗaya. Ka riƙa saka ɗaya-ɗaya a rufe, kana duba ma'auni, domin faɗuwar zafi farat ɗaya ma cuta ce. Buɗe murfin, ja labule.

Kada ka ba su abinci. Lafiyayyen kifi yana yin kwana huɗu ko biyar da yunwa lafiya lau, abinci kuwa kashi yake zama, kashi ya zama ammoniya mai guba ga kifi, matata kuma ba ta aiki. Abin da ya mutu a tsame shi nan take.

Tambaya: Daga Houston nake rubutowa. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin akwatina sai ya cika ya malale a ɗaki. Me ke jawo haka?

Amsa: Hajiya, bututun da ke kai ruwa sama ne yake juyewa ya zama mazuƙi idan famfo ya tsaya, sai ya riƙa janyo ruwan akwatin ƙasa har sai bakinsa ya sha iska. Ki ɗaga bakin ya zo dab da saman ruwa, ko ki huda masa rami kamar milimita 3 ƙasa kaɗan da layin ruwan, kina goge shi duk wata don gansakuka na toshe shi. Kada ki dogara da bawul mai hana ruwa komawa, ɗan katantanwa ɗaya ya isa ya hana shi rufewa. Sai ki gwada: zare wayar, ki tsaya ki ga inda ruwan ya tsaya a tankin ƙasa. Idan ya kusa baki, ki rage ruwan, ki yi alama da maka, kada ki sake wuce ta.

Tambaya: Wuta ta dawo bayan kwana biyu. In kunna komai gaba ɗaya?

Amsa: A'a. Fara da duk wata rufaffiyar matata da ruwa ya kwana a cikinta. Bayan 'yan awoyi babu iska ruwan yana ruɓewa, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma idan famfo ya tura shi cikin akwati zai iya kashe abin da ya tsira. Zubar da shi, wanke, sannan ka mayar. Kunna famfunan kaɗa ruwa, auna ammoniya da gishiri. Gishirin ya koma 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, idan ya hau saboda tururi, tataccen ruwa marar gishiri za ka ƙara, a hankali. Canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan da wanda ka haɗa ka ajiye tun kafin guguwa, domin ruwan famfo bayan ambaliya ba abin yarda ba ne. Sa sabon gawayin tacewa, saboda murjani mai taushi yana fitar da guba idan ya wahala. Na'urar da ke kwashe dattin ruwa ta hanyar kumfa za ta yi ta ambaliya a awannin farko, ka sa mata ido. Fitila ta fara da rabin ƙarfinta, ka riƙa ƙarawa cikin kwana huɗu ko biyar, injin zuba sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su kuma ya jira sai ka auna.

Mai janareta ya ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da a buɗe yake. Iskar gubar da ke fita daga salansarsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutanen gida cikin barci.