Bashin haraji da tallafin abinci: za su hana ni zama ɗan Amurka?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci ɗan asalin Maradi da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya samu girin kad a 2019 ta hanyar cacar biza, yana tuƙa Uber, matarsa kuma tana kitso ana biyanta hannu da hannu. 'Ya'yansu uku ne a nan, yana kuma da wani ɗa a Maradi daga aurensa na farko. Suna karɓar tallafin abinci na SNAP da inshorar lafiya ta Medicaid. Akwai shekara ɗaya da bai cike takardar haraji ba saboda aiki ya yi ƙasa, hukumar haraji ta IRS na binsa kusan dala 3,800, kuma mai cike musu takardu ya saba raba shi da matarsa, kowa ya shigar da tasa a matsayin mai riƙe da gida shi kaɗai, har da sunan yaron Maradi a cikin tasa. Abokan aiki sun ce masa wanda ya taɓa cin tallafin gwamnati ba ya samun fasfon Amurka. Yana so ya san ko gaskiya ne.

Malam, abin da abokanka suka faɗa maka ba haka yake ba. Abin da kuma ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato yadda ake cike muku haraji, shi ne babbar matsalar.

Bari mu fara da tallafin. A dokar shige da fice ta Amurka akwai sharaɗin da ke hana biza ko girin kad ga wanda ake ganin zai zama nauyi a kan gwamnati. Gwamnatin Trump ta faɗaɗa shi a 2019 har ya haɗa da SNAP da Medicaid, aka daina aiki da wannan faɗaɗawar a 2021, aka kawo wata ƙa'ida a Disambar 2022 wadda ta taƙaita shi ga tallafin tsabar kuɗi da jinya ta dogon lokaci da gwamnati ke biya. Wannan kai-komon ne ya tsorata jama'a. Amma sharaɗin na masu neman shiga ƙasar ne da masu neman girin kad. Ba ya cikin sharuɗɗan zama ɗan ƙasa. Fom ɗin N-400, wato takardar neman zama ɗan ƙasa, bai sa wani adadin kuɗi da sai ka samu ba. Marar aiki ma yana iya nema, a kuma ba shi. Wuri ɗaya da zai iya taɓa mai girin kad shi ne idan ya yi fiye da kwana 180 a waje, domin a lokacin ana ɗaukarsa kamar mai neman shiga daga farko. Ko ba don wannan ba, tafiyar da ta wuce wata shida tana jawo zargin cewa ka katse zamanka, ta shekara guda kuma tana katse shi gaba ɗaya. Saboda haka idan za ka je ganin gida, ka ƙirga kwanakinka.

Tallafin da ka karɓa bisa cancanta ba laifi ba ne. Wanda aka samu da ɓoye gaskiya shi ne laifi. Ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: lokacin da kuka cike takardar SNAP, kun rubuta kuɗin kitson uwargida? Kun rubuta ainihin abin da Uber ke kawowa? Idan ofishin tallafi ya san kuna samun dala 20,000 a shekara, IRS kuma ta san 34,000, to takardu biyu na gwamnati suna ƙaryata juna, kuma fom ɗin N-400 yana tambaya ƙarara ko ka taɓa ba da bayanin ƙarya don samun tallafin gwamnati. In an biya ku fiye da hakkinku, ana iya gyarawa a mayar da rarar, amma ka fara ganin lauya kafin ka je ofishin da bakinka, domin yadda aka gabatar da maganar yana iya bambanta kuskure da zamba. Wani tarkon kuma da ya kama mutane da yawa: wata doka ta 1993 ta sa ofisoshin tallafi da na lasisin tuƙi su miƙa wa jama'a takardar rajistar zaɓe. Mutum ya sa hannu a jerin takardu bai karanta ba, ashe ya yi iƙirarin shi ɗan ƙasa ne. Wannan ya fi bashin haraji haɗari nesa ba kusa ba, don yana iya kai wa ga kora daga ƙasar. Ka bincika a hukumar zaɓen birni ko sunanka na cikin rajista kafin ka aika komai.

Yanzu ga haraji. Hukumar USCIS, mai ba da takardar zama ɗan ƙasa, tana duba abin da doka ta kira kyakkyawan hali a cikin shekara biyar kafin ka nema, ko uku ga wanda yake aure da ɗan ƙasa kuma suke zaune tare, kuma jami'i yana da ikon waiwayar abin da ya gabaci wannan lokacin. A Agustan 2025 hukumar ta umarci jami'anta su riƙa auna halin mai nema gaba ɗayansa, ta kuma ambaci biyan haraji cikin abubuwan da ake dubawa. Ma'ana, abin da a da ake ɗaga wa ƙafa, yanzu ana iya tsayawa a kansa.

Shekarar da ba ka cike ba, sai mu ga ko dole ne ka cike. Ba kowa doka ta wajabta wa ba. A harajin shekarar 2024, alal misali, marar aure da bai kai shekara 65 ba, wanda kuma bai samu dala 14,600 ba, babu tilas a kansa, ma'aurata masu shigarwa tare kuma iyakarsu 29,200. Sai dai wannan ga mai albashi ne. Direban Uber da mai kitso masu aikin kansu ne a idon doka, kuma iyakarsu dala 400 ce kacal ta riba bayan an cire kuɗin mai da gyara da sauran abin da aka kashe a kan aikin. Da wuya a ce shekara ta wuce ba ka ci ribar dala 400 ba. Kamfanin kuma yakan aika wa IRS fom 1099 ɗauke da abin da ya biya ka, don haka sun riga sun sani. Ka cike ta shekarar da ka tsallake yanzu, da fom 1040 da Schedule C da Schedule SE na masu aikin kansu, ka kuma cike ta jihar New York. Harajin mai aikin kansa kashi 15.3 ne cikin ɗari. Tarar ƙin cikewa kashi 5 ce cikin ɗari na abin da ake binka a kowane wata har ta kai 25, tarar ƙin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata. Ka ga ke nan ƙin cikewa ya fi ƙin biya tsada har sau goma, shi ya sa ko ba ka da ko sisi ya kamata takardar ta shiga. In kuma lissafi ya nuna su ne za su mayar maka da kuɗi, shekara uku kawai doka ta ba ka ka karɓa.

Bashin dala 3,800 shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da ka lissafa. Fom ɗin N-400 yana tambaya ko ana binka harajin da lokacinsa ya wuce. Ka amsa da e. Ka nemi yarjejeniyar biya wata-wata a shafin IRS ko da fom 9465. Wanda bashinsa bai wuce dala 50,000 ba yana iya yi ta intanet. Ranar ganawa da jami'in USCIS ka tafi da wasiƙar amincewar IRS da shaidar kowane biya da ka yi. Shawarata ita ce ka bari ka biya aƙalla wata uku zuwa shida a jere kafin ka aika N-400, domin yarjejeniyar da aka ƙulla mako guda kafin ganawa ba ta gamsar da kowa. In kana da halin biyan duka lokaci guda, ya fi.

Sai raba takardu da aka yi muku. Matsayin da suke kira Head of Household na marar aure ne mai riƙe da yara, ko mai aure wanda bai zauna gida ɗaya da matarsa ba a wata shida na ƙarshen shekara. Kai da uwargida ɗaki ɗaya kuke kwana. Zaɓinku biyu ne kawai: ku shigar tare a matsayin ma'aurata, ko kowa ya shigar da tasa a matsayin mai aure. Mai cikewar ya raba ku ne don kuɗin da ake mayarwa ya kumbura, shi ma ladansa ya ƙaru, amma sa hannun da ke ƙasan takardar naka ne, a ƙarƙashin rantsuwa. Ka duba yadda abin zai kasance a gaban jami'i: N-400 ya ce kana da aure tun kafin ka shigo, adireshinku ɗaya, takardun haraji na shekara biyar kuma sun ce kai kaɗai kake riƙe da gida. Ba sai ya yi wani bincike ba.

Yaron Maradi ma haka. Ciyar da shi wajibinka ne, amma dokar haraji ba ta yarda ka sa shi cikin waɗanda kake ɗauke da nauyinsu ba, sai in ɗan Amurka ne ko yana zaune a Amurka, Kanada ko Meziko. Rangwamen masu ƙaramin ƙarfi na EITC kuwa sai yaro ya zauna tare da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. Gyaran duka biyun fom 1040-X ne, shekara-shekara, da takwaransa na jiha. Ka shirya ranka: bashin zai ƙaru, don za a karɓe rangwamen da ba hakkinku ba, da kuɗin ruwa a kai. Duk da haka gara ka gyara da kanka da a gano. A 2012, a shari'ar Kawashima, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda aka samu da laifin shigar da takardar haraji ta ƙarya da gangan, asarar gwamnati kuma ta wuce dala 10,000, laifinsa ya shiga sahun manyan laifukan da ake korar mai girin kad a kansu. Ba ina nufin can ka nufa ba, domin wannan sai an gurfanar da mutum an same shi da laifi. Amma rangwamen ƙarya na shekara huɗu ko biyar yana iya haura wannan adadin ba tare da ka ankara ba, shi ya sa gyaran naka ba na mai shagon haraji na kan kwana ba ne. Ka nemi lauyan haraji ko ɗaya daga cikin cibiyoyin LITC da ke taimakon masu ƙaramin ƙarfi kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Nan gaba kuma, duk mai cikewar da ya ƙi sa hannunsa da lambarsa ta PTIN (lambar da IRS ke ba masu cike haraji) a takardarka, ka tashi ka bar masa shagonsa. Shirin VITA na 'yan sa kai yana cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta.

Cire yaron daga takardar haraji ba ya nufin cire shi daga N-400. Can dole ka rubuta shi, kuma ana iya tambayar ko kana ciyar da shi, domin ƙin ciyar da ɗa da gangan yana rushe kyakkyawan hali. Kuɗin da ake ba matafiyi ya kai gida, ko a ba ɗan kasuwa a nan a karɓi sefa a can, ba ya barin shaida. Ka koma aikawa ta hanyar da ke ba da rasit, ka ajiye su.

Abu biyu a gurguje. Kada ka yarda a cike maka fom 1040-NR, na baƙon da ba mazaunin ƙasa ba. Mai girin kad da ya yi haka, doka tana ɗauka ya yi watsi da zamansa sai in ya kawo hujjar akasin haka. Sannan mai girin kad yana bayyana abin da ya samu a ko'ina a duniya, har kuɗin hayar gida a Maradi, kuma in jimillar asusun bankinsa na waje ta taɓa wuce dala 10,000 a cikin shekara, sai ya kai rahoton FBAR.

Ƙarancin kuɗin naka ma yana da amfaninsa. Tun 1 ga Afrilun 2024 kuɗin N-400 dala 760 ne a takarda, 710 ta intanet. Wanda kuɗin gidansa bai wuce kashi 400 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba yana biyan 380. Wanda bai wuce kashi 150 ba, ko yake karɓar tallafi irin SNAP ko Medicaid, yana iya neman a yafe masa gaba ɗaya da fom I-912. A ma'aunin 2025, gida mai mutum biyar dala 37,650 ne, kashi 150 ɗinsa kuma 56,475, don haka in kuɗin gidanka bai wuce haka ba, ka cancanta ta hanya biyu. Neman yafewa ba ya rage maka daraja wurin jami'i. Sai dai a takarda ake aikawa, kuma shaidar da za ka haɗa, wato wasiƙar tallafi ko takardar haraji, tana shiga fayil ɗinka, wanda ya ƙara zama dalilin gyara su tukuna. Inda ƙarancin kuɗi zai dame ka shi ne ranar da za ka ɗauko yaron ko mahaifiyarka: fom I-864 na alkawarin ɗaukar nauyinsu yakan nemi kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin, kuma abin da ka bayyana wa IRS shi za a duba.

Ka fara da karɓo taƙaitaccen tarihin harajinka daga IRS, kyauta ne ta shafinsu ko da fom 4506-T, ka ajiye shi kusa da takardun SNAP da Medicaid ka gwada lambobin. Daga nan cike shekarar da ta ɓace, gyara sauran, yarjejeniyar biya, sannan N-400. A wurin ganawa, in aka tambaye ka kuskuren baya, ka faɗa ka nuna gyaran. Ƙarya a ƙarƙashin rantsuwa ita kaɗai ta isa a hana ka, kuma ana iya ƙwace takardar ɗan ƙasa daga baya in aka gano an ɓoye wani abu mai muhimmanci. Idan jami'i ya nemi ƙarin shaida zai ba ka wa'adi a rubuce, yawanci kwana 30. Idan aka ƙi, kana da kwana 30 ka nemi a sake dubawa da fom N-336, ko ka jira ka sake nema. Ƙi saboda haraji kaɗai ba ya soke girin kad. Amma in binciken ya nuna sunanka a rajistar zaɓe, ko an taɓa kama ka, kada ka aika komai sai lauyan shige da fice ya karanta fayil ɗin gaba ɗaya.